Kafin Ka Kafa Turke: Jagorar Karanta Lambobin Taswira da na GPS

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar safiyo ta fili ya ga wasu dogayen lambobi a gefen zanen, kowace kusurwa da nata. Yanzu kuma kusan kowace wayar hannu tana iya fitar da irin waɗannan lambobi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ya zama ruwan dare mai fili ya tsaya a kan dutsen iyakarsa, ya buɗe waya, ya kwatanta abin da ta nuna masa da abin da ke rubuce a takarda. Sau da yawa ba sa zuwa ɗaya. Wayar takan nuna masa cewa filin nasa yana can gaba da taku ɗari da wani abu, a tsakiyar ginin wani ko a kan titi. Daga nan zargi ke tashi, a ce mai safiyo ya yi ha'inci, ko maƙwabci ya tsige dutse da dare. Alhali yana yiwuwa ƙwarai babu maƙaryaci a cikinsu, takardar da wayar ne kowace take ƙirgawa daga nata tushen. Maganar da wannan jagora ta tsayu a kai ke nan: lambobin wuri ba sa nuna ko'ina sai an san abu uku game da su, wato tushen awon da aka ɗora su a kai, da salon da aka bi aka shimfiɗa ƙasa a takarda, da shiyyar da suke ciki. Wanda ya rubuta lamba bai rubuta waɗannan ba, rabin aiki ya yi.

Mu fara da tushen awo, wanda masu safiyo ke kira datum. Idan aka tsinci wasiƙa an rubuta shekara ta 1400 a samanta, ba a ce Hijira ko Miladiyya ba, ba za a san lokacin rubuta ta ba, domin tsakanin fassarorin biyu akwai kimanin shekara 580. Haka lambobin wuri suke, sai an san daga ina aka fara ƙirga. Dalilin da ya sa tushen bai zama ɗaya tun fil azal ba shi ne siffar duniyar kanta. Ta ɗan kumbura a ƙugunta, ta ɗan lotsa ta sama da ta ƙasa: daga cibiyarta zuwa layin ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa kilomita 6,357, bambancin kilomita 21 ke nan. Ga kuma duwatsu da kwaruruka da tekuna a bayanta. Ba a iya lissafi a kan abu mai gargada haka, don haka masana suka ƙirƙiro wani ƙwallo sumul na lissafi, mai suna elifsoyid, wanda ya yi kusa da siffar duniya. Kowane zamani ya auna nasa gwargwadon kayan aikinsa. Wani jami'in awon ƙasa na Birtaniya, Alexander Ross Clarke, ya fitar da nasa a 1880, mai mita 6,378,249 daga cibiya zuwa ikwaita. Wanda GPS ke aiki da shi a yau, na tsarin WGS 84, mita 6,378,137 ne, kuma lotsawarsa ba ta kai ta Clarke ba.

Zaɓar ƙwallon kawai bai wadatar ba, sai an faɗi inda aka ɗaure shi da ƙasa, kuma ƙwallo tare da maɗaurinsa su ne datum. A zamanin mulkin mallaka masu awon Najeriya sun ɗauki ƙwallon Clarke na 1880 suka ɗaure shi a wani turke da ke kusa da Minna, wanda ake kira L40, suka tantance matsayinsa ta hanyar duban taurari. Daga wannan turke suka yi ta miƙa sarƙar alwatika daga tsauni zuwa tsauni, suna auna kusurwoyi, har suka game ƙasar. Wannan shi ne datum na Minna, kuma a kansa aka gina tsofaffin taswirorin gwamnati da ɗimbin takardun filaye. Sauran ƙasashe ma haka suka yi, Sudan da Adindan, Ghana da Accra da Leigon. Kowanne an yi shi ne ya dace da yankinsa, bai damu da sauran duniya ba. Shi kuwa WGS 84, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta samar, an ɗora cibiyarsa a kan cibiyar nauyin duniya, tunda ita taurarin ɗan'adam ke kewayawa. Tsakanin cibiyar ƙwallon Minna da ta WGS 84 akwai kusan mita 180. Ko Girinwic ta Ingila ba ta tsira daga irin wannan ba: layin da taron Washinton na 1884 ya amince ya zama mafarin ƙirga gabas da yamma yana nan a shate a ƙasa, amma wanda ya tsaya a kansa da GPS ba zai ga sifili ba sai ya matsa gabas da kimanin mita 102.

Matsayin wuri a kan ƙwallon ana faɗinsa da kusurwa biyu. Latitud shi ne nisanka arewa ko kudu daga ikwaita, longitud kuma nisanka gabas ko yamma daga Girinwic. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne, kowane digiri yana da minti 60, kowane minti yana da sakan 60, sakan ɗaya kuwa kimanin mita 31 ne a ƙasa. A nan akwai ramuka biyu da mutane ke yawan faɗawa. Na farko shi ne rikita rubutun minti da rubutun ɗigo: digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, wanda ya kwafe shi 12.30 ya kauce da kilomita 22. Na biyu shi ne sauya gaba da baya. Wasu manhajoji latitud suke fara nema, wasu longitud. Idan aka juya lambobin Kano suka koma 8.5 arewa da 12 gabas, sai su faɗa kudancin Adamawa, wajen Ganye, kuma tunda har yanzu cikin Najeriya ne, mai shigar da bayanai yana iya wucewa bai lura ba. A rubutun ɗigo, lamba uku bayan ɗigon tana kai ka cikin mita 111, huɗu cikin mita 11, biyar cikin kusan mita ɗaya. Jera lamba takwas daga wayar hannu ado ne kawai, wayar ba ta san wurin har haka ba.

Abu na biyu cikin ukun da aka ambata a farko shi ne shimfiɗawa. Digiri ba ya daɗin aiki ga mai auna fili da tef, shi mita yake so a kan takarda shimfiɗaɗɗiya. To amma duk wanda ya kifa ƙwarya ya danne ta don ta kwanta ya san sai ta tsage. Masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar tun 1827 cewa babu yadda za a shimfiɗa bayan ƙwallo ba tare da an ja wani wuri ko an matse wani ba. Saboda haka kowace taswira sai ta sadaukar da wani abu, ko girman ƙasa, ko siffa, ko nisa. Taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jirgin ruwa ta kiyaye kusurwa ta yar da girma, shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Wannan ya shafi har sallarmu. Alƙibla daga Kano, idan aka lissafa ta a kan ƙwallo yadda ya kamata, tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, amma wanda ya ɗora rula a kan taswirar Mercator daga Kano zuwa Makka zai sami wajen 72. Malaman Musulunci na da sun san lissafin ƙwallo ake bi, domin tun ƙarni na 11 Al-Biruni ya tsaya ya tantance lambobin garuruwa don fitar da alƙiblar garin Gazna.

Dabarar da masu safiyo suka yi don rage wannan ɓarna ita ce yanka duniya ziri-ziri daga arewa zuwa kudu, a shimfiɗa kowane ziri shi kaɗai, tunda siririn yankin ƙwarya yana kwanciya ba tare da ya fashe ba. Tsarin UTM ya raba duniya shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6. Najeriya ta faɗa cikin uku: shiyya ta 31 daga Girinwic zuwa digiri 6 gabas, inda Sakkwato da Birnin Kebbi suke, har da Yamai a Nijar, ta 32 daga 6 zuwa 12, inda Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi da Damagaram suke, ta 33 daga 12 zuwa 18, inda Maiduguri da Yola suke. A kowace shiyya ana ba layin tsakiyarta lambar gabas ta mita 500,000 don kada a sami lamba ƙasa da sifili, lambar arewa kuma ana ƙirga ta daga ikwaita. A wannan tsari tsakiyar Kano tana wajen 448,000 gabas, 1,327,000 arewa. Waɗannan lambobi suna maimaituwa a kowace shiyya, don haka idan aka shigar da na Kano a shiyya ta 31, wurin zai yi tsalle na kimanin kilomita 650 ya sauka a dajin da ke kan iyakar Benin da Nijar. Bayan UTM, Najeriya tana da nata tsohon tsarin mai ziri uku a kan datum na Minna, na yamma da na tsakiya da na gabas, waɗanda layukan tsakiyarsu ke kan digiri 4 da rabi, 8 da rabi, da 12 da rabi, kuma suna ƙirga arewa daga latitud 4. A zirin tsakiya Kanon nan dai tana wajen 670,000 gabas, 884,000 arewa.

Daga nan za a ga cewa kurakuran iri biyu ne, kuma ba babban ne abin tsoro ba. Wanda ya rikita shiyya ko ya rikita UTM da zirin Najeriya zai ga filinsa ya koma wata jiha ko wata ƙasa, nan take ya gane akwai matsala. Wanda ke ɓuya shi ne rikita UTM na Minna da UTM na WGS 84, domin su biyun sunansu ɗaya, shiyyarsu ɗaya, yawan lambobinsu ɗaya, a wutsiya kawai suke bambanta. A yankin Kano, idan aka auna dutse ɗaya da tsarin biyu, lambar gabas ta WGS 84 takan gaza ta Minna da kimanin mita 80, lambar arewa kuma ta fi ta Minna da kimanin mita 120. In an haɗa, kaucewar ta kai wajen mita 140. A kan taswirar jiha wannan ko kaurin layin biro bai kai ba, hoton tauraron ɗan'adam zai nuna unguwar daidai, wataƙila ma layin daidai. Amma fulotin ƙafa 50 da 100 mita 15 ne da 30, ke nan an tsallake gidaje da dama.

Mataki na farko a aikace shi ne karanta gefen takarda kafin a kalli tsakiyarta. Taswirar kirki, irin tsofaffin zanen ƙasa na gwamnatin tarayya masu ma'aunin 1:50,000, tana bayyana ƙwallo da datum da salon shimfiɗawa a ƙasan shafi, takardar safiyo ta fili ma takan faɗi tushen da aka yi aiki da shi. A nemi kalmar Minna, ko Clarke 1880, ko WGS 84, a nemi lambar shiyya ko sunan ziri. Idan ba a rubuta ba, girman lambobin zai taimaka wajen raba UTM da zirin Najeriya kamar yadda misalin Kano ya nuna, amma ba zai raba Minna da WGS 84 ba. Akwai kuma tsofaffin takardun wasu garuruwa da aka auna daga wani turke na cikin garin, waɗanda lambobinsu ƙanana ne kuma ba su da alaƙa kai tsaye da tsarin ƙasa. A irin wannan hali kada a yi canki-canki. A koma wurin wanda ya sa hannu a takardar, ko ofishin safiyo na jiha, ko hukumar bayanan ƙasa irin KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja, a tambaya.

Mataki na biyu shi ne saita na'ura kafin a ɗauki ko lamba ɗaya. Na'urar GPS ta hannu tana da wurare biyu dabam a cikin saitinta, ɗaya na salon rubuta lamba, ɗaya na datum, kuma canza ɗaya ba ya canza ɗayan. Mutum yana iya zaɓar UTM ya ga lambobi sun yi kama da na takardarsa, ya saki jiki, alhali datum ɗin yana nan a WGS 84. Manhajojin taswira na waya kuwa galibinsu WGS 84 kaɗai suka sani. Bayan saiti, a tsaya a fili inda ake ganin sama sosai, nesa da dogon bango da rufin kwano da inuwar manyan itatuwa, domin saƙon tauraro yakan daki gini ya dawo ya ruɗa na'ura. A jira lambar ta natsu, a duba iyakar kuskuren da na'urar ta nuna, a ɗauki awon fiye da sau ɗaya a lokuta dabam. Waya mai kyau a sarari takan kai mutum cikin kimanin mita biyar. Wannan ya isa a gano rijiya ko makaranta, bai isa a raba gado ba. Awon da ke kaiwa santimita sai da na'urori biyu masu aiki tare, ko na'ura mai karɓar gyara daga tasha ta dindindin.

Mataki na uku, wanda aka fi tsallakewa, shi ne gwaji a kan sanannen wuri. A sami dutsen awo na gwamnati wanda ofis ke da lambobinsa, a ɗora na'ura a kansa, a kwatanta. Idan bambancin 'yan mitoci ne ta kowane ɓangare, wannan rawar na'ura ce. Idan kuwa aka ga wajen 80 a gabas da 120 a arewa, kuma aka je dutse na biyu aka sake ganin haka, to datum ne, ba wanda ya taɓa dutse. Kuskuren datum yana da alama guda: duk kusurwoyin filin suna matsawa tare, ɓangare guda, da tazara guda, siffar filin da girmansa ba sa canzawa. Idan kusurwa ɗaya ce ta kauce sauran suna daidai, a nan ne ya kamata a binciki dutsen. Wannan ɗan gwaji na rabin sa'a yana iya kashe rigimar da za ta ci shekaru a kotu.

Mataki na huɗu shi ne juya lambobi daga wani tsari zuwa wani, kuma yana da jeri. Ana mayar da mitocin takarda zuwa digiri a kan tsohon ƙwallo, a matsar da su zuwa sabon datum, sannan a sake shimfiɗa su a tsarin da ake so. Manhaja irin QGIS, wadda kyauta ce, tana yin wannan idan aka gaya mata gaskiyar inda lambobin suka fito, kuma kowane tsari yana da lambar shaida a kundin EPSG: digirin WGS 84 shi ne 4326, UTM ɗinsa na shiyya ta 32 shi ne 32632, digirin Minna 4263, UTM na Minna a shiyya ta 32 kuma 26332, zirin yamma da na tsakiya da na gabas su ne 26391 da 26392 da 26393. Babban abin lura shi ne bambanci tsakanin laƙaba wa bayanai sunan tsari da juya su zuwa tsarin. Laƙabawa ba ta taɓa lambobin, kamar a goge kalmar Hijira ne a rubuta Miladiyya a bar shekarar yadda take. A kuma sani cewa sanannen lissafin matsarwa mai lamba uku, wato -92 da -93 da +122, matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, yana iya barin kuskuren 'yan mitoci. Tsohuwar sarƙar alwatika ta tara ƙananan kurakurai yayin da take nisa daga Minna, don haka aikin iyaka yana buƙatar a auna duwatsun yankin da tsarin biyu a fitar da gyaran da ya dace da wurin.

Akwai abu biyu da mai auna nisa da mai aikin ruwa za su ƙara kiyayewa. Mitar takarda ba daidai take da mitar tef ba: a tsakiyar shiyyar UTM kowane kilomita yana raguwa da santimita 40, a gefenta yana ƙaruwa da kusan mita ɗaya, a tsakiyar zirin Najeriya kuma ragin santimita 25 ne. Salon Mercator na taswirorin intanet, mai lamba 3857, ya fi haka ɓarna, domin a latitud na Kano yana kumbura girman fili da sama da kashi 4 cikin ɗari idan manhajar ba ta gyara ba, sai gonar hekta 100 ta fito 104 da ɗoriya. Sai kuma tsayi. GPS daga ƙwallon lissafi yake auna tsayi, taswira kuwa daga matsakaicin ruwan teku, wanda a Najeriya aka ɗauko daga Legas, kuma a ƙasar nan tsakanin biyun akwai wajen mita 20. Ruwa ƙarfin jan ƙasa yake bi, bai san ƙwallon lissafi ba. Mai shata magudanar ruwa ko hanyar ban-ruwa ya yi aiki da na'urar lebul daga sanannen dutsen tsayi, kada ya dogara da waya, wadda kuskurenta a tsayi ya fi na kwance.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, tunda GPS ya zo kowa ya koma WGS 84. Gaskiya ne cewa sabbin bayanai mafi yawa a kansa suke, amma haƙƙin mallaka a tsofaffin takardu yake zaune, kuma takardar da aka sa wa hannu shekara arba'in da suka wuce ba ta canza lambobinta don an ƙirƙiro waya ba. Kafin GPS kowa a tsari ɗaya yake aiki a garinsa, zuwansa ne ya sa tsari biyu suka haɗu a hannun mutum ɗaya. Sannan shi kansa tsarin duniyar ba a tsaye yake cak a kan ƙasa ba, domin nahiyoyi suna tafiya. Farantin da Afirka ke kai yana matsawa arewa maso gabas da kimanin santimita biyu a shekara. Ostireliya, wadda ke tafiyar kusan santimita bakwai, sai da ta sabunta datum ɗinta na 1994 zuwa na 2020, lambobinta suka matsa da kimanin mita 1.8. Saboda haka a aikin da ke neman santimita, ranar awo ma wani ɓangare ce na lambar.

Wani kuma zai ce to a jefar da Minna gaba ɗaya mana a huta. Can ɗin aka dosa, kuma daidai ne. Ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya ya kafa jerin tashoshin GPS na dindindin da ake kira NIGNET domin ɗora ƙasar a kan tushe mai cibiya ɗaya da na duniya. Sai dai sauya tushe ba ya goge tsohon kundi. Kowace takarda sai an juya ta, kuma tunda karkacewar tsohuwar sarƙa ba ɗaya ba ce a ko'ina, juyawar gaggawa da lissafi guda za ta haifar da sababbin rigingimu a inda babu su, filaye su hau kan juna a kwamfuta alhali a ƙasa kowa yana cikin katangarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsarin biyu za su daɗe suna zaune tare, kuma muddin suna tare, rubuta sunan kowanne shi ne kariya mafi arha.

Akwai kuma mai cewa mita 140 ba wani abu ba ne, kuma wannan aikin masu safiyo ne, bai shafi talaka ba. Kashi na farko ya danganta da aikin. Wanda ya tura wa direba wurin da yake ta waya ba shi da damuwa, tunda wayoyin biyu tushensu ɗaya. Amma a ƙasar dutse irin ta yankunan Kano da Kaduna da Zamfara, inda ruwan ƙasa ke maƙalewa a tsagar dutse, masanin da ya yi bincike ya nuna wurin haƙa rijiyar burtsatse yana nufin wurin ne daidai, kuma matsawa kaɗan tana iya kai injin kan busasshen dutse. Haka mai neman bututun da aka binne, da mai shata izinin haƙar ma'adinai, da mai raba burtali da gona. Kashi na biyu kuwa rabinsa gaskiya ne: takardar da hukuma za ta karɓa sai mai safiyo mai rajista da hukumar SURCON ya yi ta, kuma babu jagorar da za ta maye gurbinsa. Amma lambobi sun riga sun fita daga ofishin safiyo, suna hannun dillalan filaye da ma'aikatan rigakafi da jami'an gona da ɗalibai, kowa yana kwafa yana turawa. Mai saye ba sai ya iya lissafin Gauss ba, abin da ake nema gare shi ya san tambayar da zai yi.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutawa, kuma shi ya fi sauƙi. Duk lambar da za ta fita daga hannunka ta fita da cikakken bayaninta a layi ɗaya: datum, salon shimfiɗawa, shiyya ko ziri, wace ce gabas wace ce arewa, mita ne ko ƙafa, na'urar da aka yi awo da ita, iyakar kuskurenta, da kwanan wata. Misali a rubuta cewa WGS 84 ne, UTM shiyya ta 32 arewa, gabas kaza, arewa kaza, da wayar hannu, kuskure mita biyar, rana kaza. A jadawalin kwamfuta a sa wannan bayani a kan ginshiƙin, kada a bar shi a cikin ƙwaƙwalwar wanda ya yi aikin, domin shi zai canza ofis, jadawalin ya zauna. Idan kuma lamba ta zo maka tsirara, kada ka biya kuɗi a kanta, kada ka zuba tubali, kada ka zargi maƙwabci, sai ka tambayi wanda ya kawo ta a kan wane datum aka auna ta, a wace shiyya. Matambayi ba ya ɓata.